Ruwan Baƙo a Filin Lakwal

Babana bai taɓa karɓar sadaka ba. Ba don yabo na faɗa ba, wallahi, domin ni na sha wahalar abin. Mutum ne wanda ko goro aka miƙa masa a wurin taro sai ya janye hannu ya tambaya na mene ne. In aka ce na sadakar bakwai ne, sai ya ce a wuce da shi gaba, akwai mabuƙata. Bakurfaye ne manomin gero, kuma duk ƙauyenmu da ke cikin dallol, wato babban kwari, tafiyar rabin yini a kan jaki daga Filinge, an san rumbunsa bai taɓa kaiwa wata kaka fanko ba. A ganinsa mutanen duniya layi biyu ne, masu bayarwa da masu karɓa, shi kuma tun yana yaro aka nuna masa layinsa.

Ni ce ɗiyarsa ta fari, saboda haka bai taɓa kiran sunana ba, sai dai “ke”. Shekarar da abin ya faru aurena ya mutu na dawo gida, Inna ta riga ta rasu, ƙannena maza duk suna Kurmi, can kudu, wurin bidar kuɗi, ni kaɗai ke riƙe da shi. Zamanin soja ne. Kumandan mai kaki ke mulkin Filinge, in ya yi tari a bariki har mutanen Sanam sai sun gyara zama.

Ruwan ya sauko tun hantsi, a tsakiyar damina, bai ɗauke ba. Baba ya ɗora malafarsa ya tafi azahar masallacin da ke kan tudu, ruwa ya tsare shi can. Ni ina gida korama ta ɓalle. Na fita da zanen jikina da tukunya ɗaya, har yau ban san abin da ya sa tukunya ba, na haye jigawa tare da mata. Daga can nake hangen gidanmu. Na ga ɗakin Inna ya durƙusa ya zauna cikin ruwa, na ga rumbu ya juya sau ɗaya ya kama hanyar Bankuku da geron da ke cikinsa, na ga zaure ya narke. Kafin la'asar babu abin da ya rage sai itacen aduwa na tsakar gida.

Baba bai ga ko ɗaya ba. Abin da ya gani shi ne ƙyauren zaurensa, wanda ruwa ya kawo ya jingine a gindin tudun masallaci. Ya gane shi, ya jawo shi, ya kankare masa laka, sannan ya yanke hukunci: ruwa ya ɓalle ƙyaure, gida yana nan. Babu wanda ya ce masa a'a. A wurinmu ba a tarar tsoho da irin wannan magana, ana bari ya je ya gani da idonsa. To bai samu ya je ba. Washegari motar soja ta zo kwasarmu, shi kuma ya ce ba ya hawa sai da ƙyaurensa, kada ɓarayi su ɗauke kafin ya dawo ya mayar. Sojoji biyu suka ɗora ƙyaure, muka zauna a kansa har Filinge.

A lakwal, makarantar boko, aka sauke mu, da yake yara suna hutu. Azuzuwa aka ba masu jego da marasa lafiya, sauranmu filin da ake buga ƙwallo, kowane gida tabarma biyu da tanti ɗaya. Baba ya samo itace biyu ya kafa, ya ɗaure ƙyaure a tsakaninsu. Babu katanga a dama, babu a hagu, ƙyaure ne kawai tsaye a fili, ga tabarminmu a bayansa. Ya jera duwatsu ya kewaye wurin. Ya ce kafin ruwa ya janye nan ne gidansa, duk mai son ganinsa ya biyo ta ƙofa ya yi sallama. Awaki ne kaɗai ba su bi wannan doka ba.

Sai maganar ruwan sha. Rijiyoyin dallol ba su da zurfi, ambaliya ta cika su da abin da ke cikin salga da mushen dabbobi. Rijiyar lakwal kanta da aka zura guga ƙafar tunkiya ce ta fito. Pampon gari ya fashe, na bariki kaɗai ke aiki, shi kuma farar hula ba ya ko kallonsa. Abin da ya rage mana tabkin bayan lakwal, ruwa ja mai kauri, ƴan kwaɗi suna iyo a ciki. Shi muka sha kwana huɗu. Gudawa da amai suka shigo filin. Aka binne yara biyu rana ɗaya, daga nan babu wanda ya ƙara dariyar ƙafar tunkiya.

Rana ta biyar sitan ta iso daga Yamai, babbar motar ruwa fara, an rubuta SADAKA a jikinta da jan fenti, da boko da ajami, don kada wani ya ce bai gani ba. Wani ɗan ƙasarmu ne da ya yi arziki a Kurmi ya ji labari, ya ɗauki nauyin a kawo ruwa kullum har rijiyoyi su gyaru, ladan ya je wa mahaifiyarsa da ta rasu. Allah ya saka masa, har yau ina faɗa. Ba don shi ba da rabin filin nan an kai su kushewa. Sarjan ɗin da aka ɗora a kanmu, wani dogon Bazabarme, ya hau kan motar ya faɗi sunan mai sadaka da na uwarsa, ya ce kowa ya ɗiba ya yi mata fatiha. Mata muka ruga da bido, wato jarkoki, da tukwane.

Na dawo da tukunyata cike, ruwa garau har ana ganin gindinta, na tarar da Baba a bakin ƙyaure.

“Ke, mi ne ne wanga?”

“Ruwa ne, Baba.”

“Na wa?”

Na gaya masa. Sai ya tambaye ni ko wannan mai sadaka ba shi ne ɗan mutumin nan da ya yi masa ƙodago damina uku a gonar fadama ba. Shi ne kuwa. Uwar da ake cewa a yi wa fatiha, Inna ce ta riƙa aika mata da hura lokacin da take jegon mai sadakar.

“Fatiha zan yi mata, har goma,” in ji shi. “Ruwan a kai ma mabuƙata.”

“Baba, mu ne mabuƙatan.”

“Mai rumbu cike ba mabuƙaci ba ne.”

Maganar rumbu ta taho mini har baki, na haɗiye ta. Ya ce ruwan nan ba zai shigo ta ƙofarsa ba, kuma kada in yi masa wayo in shigo da shi ta inda awaki ke bi. Ni dai a bakin sitan nake shan nawa, in goge baki in dawo. Shi kuwa ya ɗauki butarsa ya tafi tabki, ya tace ruwa da jelar rawani ya sha, yana cewa kakanninsa abin da suka sha ke nan suka yi yaƙi. Ban ce masa sun mutu ba, amma na yi tunanin haka. Tsofaffi huɗu ko biyar da suka ga ya ƙi, su ma suka ƙi, don kada a ce wane ya fi su zuciya. Wasunsu a gida ko tsakin tsaba ba su da shi.

Na gwada dabara. Na ɗebo na sitan a ɓoye, na dama masa jar ƙasa har ya yi kalar na tabki, na zuba a butarsa. Ya kai baki, ya tsaya, ya shinshina. Ashe maganin da ake zubawa a sitan, jabel, ƙasa ba ta kashe warinsa.

“Ke, tabkin ga yaushe ya hwara warin likita?”

Ya tuttular a ƙasa yana kallona. Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma tsoro ya kama ni, domin a ranar aka fitar da gawar wata tsohuwa daga aji na biyu.

Labari ya kai bariki, kumandan ya ba da oda: an hana tabki, duk wanda aka kama yana sha, kaso, wato a kulle shi a bariki. Aka ajiye sojoji biyu da bindiga suna gadin ruwan da ko jaki sai ya yi shawara kafin ya sa baki. Tabkin kuwa babba ne, sojoji suna gabas tsofaffi suna ɗiba a yamma. Ni da na ji maganar kaso sai wani tunani ya zo mini, na je na sami sarjan a inuwar mota.

“Sarjan, a kaso wane ruwa ake ba mutane?”

“Na pampon bariki.”

“Na gwamnati ke nan.”

“Na gwamnati.”

Na gwamnati Baba zai sha har ya nemi ƙari, don duk shekara shi ke fara biyan lanho, wato haraji, ya ce haƙƙinsa ne. Na durƙusa a gaban sarjan na ce don Allah don Annabi ya kama babana, ga shi can ya karya doka, ni ce shaida, zan ma nuna masa ta gefen da yake bi. Mutumin nan ya daɗe yana kallona. Ya ce tun da ya shiga soja mata ke durƙusa masa a saki ubansu, yau ya ga wadda ta durƙusa a ɗaure nata. Ya ce ko yana so ba wuri, an cika kaso da buhunan masarar taimako, domin shi kaɗai ne ɗakin da ke da kwaɗo kuma ba ya yoyo. Amma zai zo ya tsorata tsohon.

Ya zo bayan azahar, da bindigarsa da takardar kumandan. Ya tsallake duwatsu ya tsaya a kan Baba ya fara magana. Baba ya ci gaba da jan carbi yana kallon wani wuri, kamar iska ce ke kaɗawa. Na yi wa sarjan nuni da ido. Ya dubi ƙyaure, ya dube ni, ya yi tsaki, ya sake tsallake duwatsu ya fita, ya kewayo ya tsaya a ƙofa ya yi sallama.

“Amin alaikumus salam, maraba da baƙo,” in ji Baba da fara'a. “Ke, shimfiɗa mashi, kawo ruwa.”

Allah ya yafe mini, da gangan na yi. Na ɗauko ƙwarya na cika ta da na tabki, ban tace ba, na ma karkaɗa butar don na ƙasan ya taso. Na durƙusa na miƙa da hannu biyu kamar ɗiyar kirki. Sarjan ya karɓa ya duba. Wani ɗan kwaɗo ya taso sama, ya yi kewaye ɗaya, ya koma.

“Fofo, baba,” in ji shi, godiya ke nan da Zabarmanci, ya ajiye ƙwaryar.

“Sha mana, ɗana. Rana ta yi zahi.”

“Baba, da na shiga soja an ce mini zan iya mutuwa, amma ba a ce da wannan ba.”

Ya tashi ya fita ta ƙofa, ya manta ma da takardar da ya zo karantawa. Na juyo ina shirin dariya, sai na ga fuskar Baba, dariyar ta koma. Shekara saba'in da wani abu yana duniya, a gidansa Buzu ya sauka, Bafillace ya sauka, mahaukaci ya sauka, ba a taɓa ajiye masa ƙwarya cike a gabansa ba. Ga shi an yi a fili, babu katanga, duk lakwal na kallo. Ya koma ga carbinsa har aka kira la'asar. Da ya sallame sai ya kira ni.

“Ke. Tahi ki ɗebo na motar ga, ki aje. Na baƙi ne. Ba ni zan sha ba, kada ki yi murna.”

Taku biyar daga duwatsunmu akwai tabarmar taubashin Baba, ɗan gwaggonsa, wanda nake ce wa Baffa. Tsoho ne gajere mai bakin tsiya, tun suna yara suke tsokanar juna. Shi tun ranar farko yake shan na sitan, ya ce in akwai sadakar nama ma a rubuta shi. Duk abin da ya faru a kunnensa ya faru. Da na dawo da ruwa sai ya ɗaga murya daga inda yake kishingiɗe.

“Kai tsohon banza, ashe zumunci ya mutu? Kwana nawa muna maƙwabta, ba ka taɓa tako gidana ba. Ko don ba ni da ƙyaure?”

Baba ya ce shi ba ya shiga gidan da awaki ke limanci. Amma ya tashi. Ya sa babbar rigarsa, ita ke nan wadda ya je masallaci da ita, ya gyara rawani, ya ɗauki sanda, ya ce mini in wani ya zo nemansa in ce ya tafi unguwa. Ya fita ta ƙofa, ya yi taku biyar, ya yi sallama. Suka gaisa kamar sun shekara ba su haɗu ba. Ina wuni, ina gajiya, ina iyali, ina aiki. Baffa ya ce ina ruwa, Baba ya ce ruwa ya yi gyara, a filin da kowa ruwa ya raba shi da gidansa, kuma babu wanda ya ga abin mamaki a ciki. Sannan matar Baffa ta kawo ƙwarya, na sitan, yana warin jabel. Baba ya dube ta. Yanzu-yanzu ya ɗanɗani abin da mai gida ke ji in baƙo ya ƙi ruwansa, ba zai yi wa ɗan gwaggonsa haka ba. Ya yi bisimilla ya sha.

Da ya dawo na tambaye shi a hankali ko wancan ba sadaka ba ne. Ya ce gidan Baffa ne ya karɓa, kunyar tasa ce, shi kuwa Baffa kowa ya san ba shi da ita. Shi ruwan baƙo ya sha.

Kafin kwana biyu duk tsofaffin da suka ƙi sun shiga wannan tsari. Kowane gida ya ajiye na sitan don baƙi kawai, mai gida kuma in ƙishirwa ta kama shi sai ya sa riga ya tafi ziyara. Wahalar ita ce baƙon kirki ba ya roƙon ruwa, sai an kawo, kuma ba ya kafa kai ya shanye kamar raƙumi, kurɓi biyu uku ne ya ajiye. Don haka kafin tsoho ɗaya ya kashe ƙishirwa sai ya zaga gida biyar, a kowanne a gaisa tun daga farko. Daga hantsi zuwa magariba filin ƙwallo cike yake da tsofaffi da sanduna suna giftawa juna. Wani lokaci Baba ya je gidan wane ya tarar wane ya tafi gidan Baba, su tsaya kowa a ƙofar ɗan'uwansa suna hangen juna, ba mai gida ko ɗaya, sai ɗaya ya haƙura ya koma ya karɓi baƙo. Mu mata muka ga ta kanmu. Shimfiɗa tabarma, naɗe tabarma, durƙusa, tashi, gwiwoyina har suka yi kanta. Amma ina yi da murna, don Baba ya bar zuwa tabki. Kumandan da ya zo rangadi ya ga tsofaffi cikin riguna suna gaisawa da ladabi a kowace kusurwa, aka ce ya ce bai taɓa ganin sansani mai tarbiyya irin namu ba.

Sai dai abin da Baba ya sha a kwanakin baya yana cikinsa yana jira. Rana ta uku da fara ziyara ya dawo daga gidan Baffa yana dafa sanda da hannu biyu. Kafin azahar ya zaga bayan lakwal sau shida, na bakwai ɗin bai kai ba. Na wanke shi da hannuna, yana rufe ido don kada mu haɗa kallo. Washegari da safe idanunsa sun faɗa, in ka ja fatar hannunsa sai ta tsaya a tsaye. Majo, babban ma'aikacin likita da ke zagayawa, ya duba shi ya ba ni ƙullin gishiri da sukari. Ya ce in dama a ruwa mai tsabta in riƙa ba shi ba tsayawa, in bai sha ba kafin gobe war haka sai dai haƙuri.

Na dama na kawo. Baba ya kawar da kai.

“Na baƙi ne.”

“Baba, magani ne.”

“Da wane ruwa kika dama?”

Ga ruwa cike da tukunya a gefen kansa, ga shi yana mutuwa da ƙishirwa, amma shi mai gida ne, ƙafarsa kuma ba ta iya kai shi inda zai zama baƙo. Baffa ya zo, yau babu tsokana a bakinsa. Ya ce a ɗauke shi da tabarma a kai shi wurinsa, taku biyar ne. Baba ya ce wanda aka ɗauka a tabarma ba ziyara ya je ba, makabarta ake kai shi. Baffa ya ce to ga ruwa daga gidansa ya kawo dubiya. Baba ya ce ruwan baƙo a gidan mai shi ake shan shi, in ya fito ya biyo mutum har gida ya koma abin da yake tun asali. Muryarsa da ƙyar take fita, amma hujja ba ta ƙare masa ba. Tsofaffi suka taru a bakin duwatsu suna shawara. Wani ya ce a matsar da duwatsun Baffa su kewaye Baba, wani ya ce ai wannan cin iyaka ne, sai an kira mai gari. Suka shiga gardama a kan iyaka, rana tana ta hawa, leɓen Baba yana tsagewa.

A nan ne zuciya ta ɗebe ni. Ban shirya ba, ban kuma rage murya ba.

“Baba, wane gida? Nan filin ƙwallon ƴan lakwal ne. Wata mai zuwa yara za su dawo a kore mu. Kai ba mai gida ba ne a nan, can ma ba ka da shi. Ina kan jigawa na gani da idona. Zaure ya narke. Rumbu ya tafi da geron duka, ko zangarniya ɗaya ba ta rage ba. Ba abin da kake da shi sai wannan katako da rigar jikinka.”

Gardamar iyaka ta mutu. Baffa ya sunkuyar da kai. Matarsa ta kama bakinta, domin ɗiyar fari ba ta ɗaga wa ubanta murya, balle a gaban maza. Baba ya buɗe ido ya dube ni sosai, abin da bai saba yi ba.

“Ɗakin uwarki hwa?”

“Shi ya fara faɗuwa, Baba.”

Ya juya ga Baffa. Baffa bai ɗago ba, ya ce gaskiya ne, kowa ya sani. Baba ya bi tsofaffin da kallo ɗaya bayan ɗaya, kowa ya sami abin dubawa a ƙasa. Sannan ya ce, a hankali, ba da fushi ba:

“To ashe baƙi muke. Ba baƙo ruwa.”

Na tallafi kansa ya sha. Ya shanye ƙwaryar tas, na sake damawa ya shanye. Haka muka wuni muka kwana, bai ƙara tambayar na wa ne ba. Bayan kwana uku ya zauna da kansa, bayan mako ya taka. Majo ya ce na yi ƙoƙari, mata suka ce na ceci ubana. Ni kuwa ban ji daɗi ba ko na ƙwayar gero, kuma har yau da nake rubuta wannan ban ji ba.

Ya ƙara shekara shida a duniya. A cikinsu soja suka koma bariki, farar hula suka karɓa, aka yi zaɓe. Ƙannena suka dawo daga Kurmi suka gina sabon gida a kan tudu, da zaure da rumbu da ɗaki na musamman don Baba. Ya shiga, ya yi musu addu'a, ya ce gidansu ya yi kyau. Ƴan siyasa suka riƙa zuwa da shinkafa da sabulu da atamfa mai hoton mutum, duk abin da aka miƙa masa sai ya tara hannu biyu ya karɓa ya yi godiya. Goron sadaka ma yana karɓa. Mutane suka ce tsufa ya gyara shi, ya yi sauƙin kai. Duk wanda ya faɗi haka a gabana sai na ji kamar in watsa masa ruwan zafi.

Wata ranar kasuwa, cikin bazara, na tafi sayen kanwa da daddawa, matan ƙannena suka tafi suna a unguwar gabas, gidan ya zama ba kowa. Ban dawo ba sai bayan azahar. Tun daga nesa na hango mutum zaune a ƙasa a gindin katangarmu, cikin rana tsaka, ya ɗora malafa a gwiwa. Baba ne. Ƙofar zaure a buɗe take, ga inuwa, ga randa ana hango ta daga waje. Na ajiye kaya na ce Baba lafiya, me ya hana ka shiga, tun yaushe kake nan.

Ya ce tun da ya dawo daga gaisuwar mutuwa da hantsi. Ya yi sallama sau uku ba a amsa ba, shi ne ya ce bari ya jira masu gida.